Jirgi ɗaya, kuɗi sau ɗaya: yadda wani gidan masunta a ƙasar Damagaram ya zaɓi kwale-kwale

Gidan da wannan nazari ya shafa gidan masunta ne a wani ƙauye gabas da birnin Damagaram, cikin yankin tafkunan da ke tsakanin Mirya da Gidimuni, ba nisa da hanyar Difa. Mutum uku ne ke shiga ruwa a gidan: maigida, wanda ya gaji sana'ar su, wato kamun kifi, daga mahaifinsa, da babban ɗansa, da ɗan ƙanen maigidan da ya yi shekaru yana su a tafkin Chadi. Shi wannan na ukun ya dawo gida ne a 2015, shekarar da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka kwashe mutane daga tsibiran tafkin, aka kuma hana cinikin kifi. Ya dawo da ƙwarewa da yawa, amma bai dawo da jirgi ba.

Bayan wasu shekaru gidan ya tara kuɗin adashi, aka haɗa da kuɗin wani sa da aka yi kiwo aka sayar, aka yanke shawarar a mallaki jirgi. Kuɗin na jirgi ɗaya ne, kuma in an yi kuskure ba za a sake tara irinsu nan kusa ba. Wannan shi ya sa maganar ta yi nauyi, har ta ɗauki kusan damina guda ana juya ta.

Ruwan da za a shiga

Ba a fara da ruwan ba, kuma nan ne gardamar farko ta ɓata lokaci. Kowa ya zo da jirgin da ke cikin kansa. Sai da maigida ya ce a tafi bakin tafki da doguwar sanda a auna, sannan magana ta fara kama hanya.

Ruwan saman da Damagaram ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Tafkunan yankin suna cika a ƙarshen damina, daga nan sai su shiga ja da baya wata bayan wata, har bazara. Wasu suna ƙafewa ƙarƙaf, wasu kuma, musamman waɗanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ciyarwa, suna riƙe ruwa duk shekara. Manyansu irin Lasuri da Gidimuni har sun shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tafkin wannan gida yana cikin masu riƙe ruwa, amma da ƙyar. A Satumba tsakiyarsa tana shanye mutum da hannunsa a sama. A Afrilu mafi yawansa bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, ƙasansa kuma laka ce mai kama ƙafa. Gefe da gefe doguwar ciyawar ruwan nan, kacala, ta rufe shi, sai ƴan hanyoyi da masunta suka sare da lauje, waɗanda faɗinsu bai fi mita ɗaya da kaɗan ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas, tana tayar da ƙananan igiyoyin ruwa da hantsi, ba manya ba, amma sun isa su watso ruwa cikin jirgin da bakinsa ya yi ƙasa.

Kifin tafkin tarwaɗa ce da ƙarfasa, sai gaiwa da ke shigewa laka in ruwa ya janye. Kayan aikin gidan kuwa kalli ne, ragar da ake shimfiɗawa da yamma a ɗebe da asuba, da birgi da ake jefawa, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da ƴan gura. Yawancin wannan aiki da gora suke yinsa, wato babbar ƙwaryar nan da masunci ke kifa cikinsa a kai yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana jefa kifi ta bakinta. Gora ba abin raini ba ce. Ba ta da tsada, tana shiga inda jirgi ba ya shiga, kuma ta ciyar da gidaje tun kaka da kakanni. Illarta ita ce jikin mutum yana cikin ruwa awa da awanni. Da asubar hunturu wannan azaba ce, kuma ruwan tafki mai kwanciya shi ne gidan dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Babban ɗan gidan ya sha fama da fitsarin jini, an ba shi magani a likita ya warke, ya koma ruwa ya sake ɗauka. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin sayen jirgi, ko da kamun bai ƙaru da kifi ɗaya ba.

Jirgin Chadi da jirgin waya

Ɗan ƙanen maigida babban jirgin katako yake so, irin wanda ya saba da shi a tafkin Chadi, mai tsawon mita takwas ko fiye, wanda ake ɗaura wa inji a baya. Hujjarsa ba ta banza ba ce: jirgi babba yana ɗaukar raga da yawa, yana iya dakon rake da kayan lambu zuwa ƙetare, kuma ranar kasuwa yana iya ɗaukar mutane a samu na cefane. Maigida ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce masa: "Ɗana, can ka bar ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Nan kuwa in ka tayar da inji, kafin ya yi zafi ka isa ɗaya gaɓar." Shi kuma ya ce: "Baba, ai jirgi ba don bana kaɗai ake yinsa ba."

Abin da ya kashe maganar shi ne awon da aka yi. Ƙafar inji tana buƙatar zurfin da tafkin ba ya da shi wata biyar ko shida a shekara. Farfelarsa za ta riƙa naɗe ciyawa, ta yanke kallin maƙwabta da ke shimfiɗe ko'ina, rigimar da sarkin ruwan garin ya ce tun wuri ba zai lamunta ba. Jirgin ba zai juya cikin hanyoyin kacala ba. Ga kuɗin mai kullum, ga gyaran da sai an kai birni. Kuma kuɗin da ke hannu ko injin kaɗai ba zai saya ba.

Babban ɗan gidan shi kuma a waya ya ga nasa: kayak, ɗan siririn jirgin roba da Turawa ke kamun kifi da shi. Ƴan gidan sun yi masa dariya, amma ni ban ga abin dariya ba, don yaron ya hango abubuwa na gaskiya. Asalin kayak na mutanen Inuwit ne na yankin ƙanƙara, da fatar dabba suke rufe shi, na yau kuma ana zuba shi ne da roba mai ƙarfi. Wanda ake yi don kamun kifi tsawonsa mita uku zuwa huɗu ne, nauyinsa kilo 25 zuwa 40, ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, mutum ɗaya yana jansa zuwa ruwa, kuma yana yawo a kan ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba. Ga tafki mai ja da baya, waɗannan halaye ne masu kyau ƙwarai.

Matsalar ita ce an ƙera shi don wani irin kamun kifi dabam. Mai kayak zaune yake, da fatsa ɗaya ko biyu, yana neman kifi ƙalilan don nishaɗi. Mai birgi kuwa dole ya miƙe tsaye, ya karkata jiki, ya juya da ƙarfi ya saki raga mai dalma a baki, sannan ya jawo ta da nauyin ruwa da laka da kifi. Ko kayak ɗin da aka faɗaɗa don a iya tsayawa a kansa ba a yi shi don wannan juyi ba. Kalli kuma yana son mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na saki, da fili a tsakiya inda za a tara ragar ba tare da ta harɗe ba. Kayak ba shi da wannan fili. Sannan ga rana: irin robar nan tana ƙonewa a hankali in ta daɗe cikin zafin rana, ta koɗe, ta yi gautsi. In ta tsage, gam ba ya kama ta sosai, sai an narka an like da irin robarta, kuma babu mai wannan sana'a a ƙauyen. Ba a kuma sayar da shi a kasuwar Dole ta Damagaram, sai an aika manyan biranen bakin teku, kuɗin mota ya hau kan kuɗin jirgi. Yaron da kansa ya janye, bayan ya gwada tsayawa a kan wani siririn katako a bakin ruwa ya jefa birgi.

Maigida a ransa jirgin sassaƙe yake so, na gungume ɗaya, irin wanda ya gani a hannun Sarkawa tun yana yaro. Wannan magana ba ta yi nisa ba. Jirgin sassaƙe yana son babban gindin maɗaci ko kawo, kuma babu irin wannan itace da ya rage a yankin da za a sare. Wanda ya rage ma ma'aikatan gandun daji na tsaronsa, kuma da gaskiyarsu.

Kwano ko katako

Nan ne ainihin gardamar take, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin duka biyun ana iya samunsu da kuɗin da ke hannu, duka biyun kuma suna da shimfiɗaɗɗen ƙasa da ya dace da ruwa mara zurfi.

Jirgin kwano masu walda ne ke haɗa shi, kuma Damagaram ba ta rasa masu walda ba. Ana yinsa cikin ƴan kwanaki. Bai damu da bushewa ba: in ruwa ya janye a kife shi a tsakar gida har damina, ba abin da zai same shi. In kwanon ba mai kauri ba ne, mutum biyu suna ɗora shi a amalanke su kai wani tafkin. Ɗan ƙanen maigida, da ya haƙura da babban jirgi, nan ya koma, kuma ya kare ra'ayinsa da kyau.

Abubuwa huɗu aka ajiye a ɗaya gefen. Ruwan tafkin yana da ɗanɗanon kanwa, kamar yawancin tafkunan gabas, kuma ana ganin yadda bokitan ƙarfe ke lalacewa a garin; tsatsa tana farawa daga bakin walda, inda fenti ba ya daɗewa. Kwano yana ɗaukar zafi, da hantsin bazara ba a taka shi da ƙafa ba takalmi, kifin da aka zuba a kansa kuma yana saurin laushi kafin a kai wa mata masu suya. Yana da ƙara, duk dalmar da ta faɗo ko sandar da ta bugi gefensa sai ruwa ya ɗauki amon, ƙarfasa kuwa kifi ne mai tsoro. Na huɗun shi ne wanda maigida ya riƙe bai saki ba. Ƙarfe ya ninka ruwa nauyi kusan sau takwas, saboda haka jirgin kwano in ya cika da ruwa ƙasa zai tafi kai tsaye. Jirgin katako kuwa ko ya cika, yawanci yakan tsaya daf da saman ruwa, mutum ya sami abin riƙewa. Dattijon ya ce shi ba kansa yake ji ba, su ukun duk sun iya ruwa, kuma iya ruwa fid da kai ne. Jikokinsa yake tunani, don ya san duk ranar da jirgi ya kwana a bakin tafki yara sai sun hau shi, ko an hana ko ba a hana ba.

Ana iya rage wannan haɗari. In aka ɗaure jarkoki marasa komai, a rufe gam, ƙarƙashin mazaunin jirgin kwano, kowace jarka mai lita 20 tana riƙe nauyin da ya kusa kilo 20 a ruwa. Ɗan ƙanen ya kawo wannan hujja, kuma daidai ce. Amma sauran ukun suna nan, sannan ga tambayar da ta raba gardamar: in ya huje a ƙauye, wa zai gyara? Mai walda mafi kusa yana garin da ke kan kwalta, kuma sai da wuta ko janareto. Jirgin katako kuwa da tsumma da kwalta da ƙusa masuncin da kansa yake like shi a bakin ruwa. Aka tsaya a kan katako.

Awon jirgin

Sun sami kafinta cikin waɗanda suka dawo daga tafkin Chadi, wanda ya san ƙirar jirgi, ba kafintan ƙofa da gado ba. Abin da ya burge ni a aikinsa shi ne bai yanka katako ba sai da ya je ya ga hanyoyin kacala da idonsa, ya kuma sa aka shimfiɗa masa kallin gidan ya ga tulinsa.

Aka daidaita a kan tsawon mita huɗu da rabi. Ɗan ƙanen ya so a kai shida, don dogon jirgi ya fi gudu kuma ya fi tafiya miƙe, amma gudu ba shi ne buƙata ba a tafkin da ake ƙetarewa cikin ɗan lokaci. Juyawa cikin ƙunci ita ce buƙata. Faɗin ƙasan a tsakiya santimita 80, yana tsukewa gaba da baya, bakin sama kuma ya ɗan buɗe ya kusa mita ɗaya. Buɗewar nan tana da amfani: in mutum ya karkata gefe yana jawo raga, gefen da ya nutsa yana ƙara faɗi a cikin ruwa, sai ya tura jirgin ya dawo daidai. Tsayin gefe santimita 35. Ƙasan shimfiɗaɗɗe ne, an ɗan ɗaga goshi don ya hau kan ciyawa maimakon ya soke ta.

Lissafin da ke bayan wannan awo mai sauƙi ne, kuma duk mai shirin yin jirgi ya kamata ya yi shi kafin ya biya. Jirgi yana nutsewa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. Filin ƙasan wannan jirgi ya kai murabba'in mita 2.7, wato kowane santimita ɗaya da ya nutse yana ɗaukar kilo 27. Jirgin kansa kusan kilo 90 ne, mutum biyu a ce 130, jiƙaƙƙiyar raga da kifi a ce 50, jimla 270. Ke nan santimita 10 kawai zai shiga ruwa, ya bar 25 a sama don igiyoyin hunturu. Ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi.

A wajen katako an yi tsaka-tsaki saboda kuɗi. Ƙasan, inda laka da tsakuwa ke gurza, an sa jan katako mai nauyi. Gefuna an sa fari, wanda ya fi araha da sauƙin ɗauka amma bai kai jan daɗewa ba. Kafintan ya nace a sayi ƙusar da ba ta saurin tsatsa ko da ta fi tsada. Aka cusa auduga a tsakanin katakai, aka bi da narkakkiyar kwalta. Mazauni biyu ne, gaba da baya, tsakiya a buɗe don raga. Tuƙi da doguwar sanda ne inda ake taɓa ƙasa, da filafili a tsakiya lokacin cikar ruwa. Jarkokin da ɗan ƙanen ya kawo shawararsu ba a yar da su ba: an ɗaure biyu ƙarƙashin kowane mazauni.

Kafin a biya cikon kuɗi an jiƙa jirgin kwanaki cikin ruwa har katakon ya kumbura ya rufe kansa, aka kwashe, sannan aka ɗora buhunan yashi mutum biyu suka hau, babban ɗan ya miƙe a goshi ya jefa birgi dama da hagu. Wannan gwaji shi ne wanda masu sayen jirgi suka fi tsallakewa, don kunyar mai ƙira ko don ɗoki.

Abin da ya biyo baya

Abin da ya fara canzawa shi ne asubar hunturu. Suna ɗebe kalli jikinsu a bushe, kuma da wuri, kifin bai daɗe a raga ya mutu ya kumbura ba, don haka mata masu suya da masu kai wa birni suka fi son nasu. Mamari, wanda shimfiɗa shi daga kan gora haɗari ne saboda ƙugiyoyi na kusa da jiki, ya zama aiki mai sauƙi. Shiga ruwa bai ƙare ba, ana sauka a tura jirgi ko a ɓanɓaro ragar da ta maƙale, amma ya ragu sosai. Kamun kuwa ya ƙaru, sai dai ba kamar yadda samarin suka zata ba. Tafkin bai ƙara kifi don an kawo jirgi ba.

Bazarar farko ta nuna raunin katako. Da aiki ya yi sauƙi sai aka jawo jirgin tudu aka bar shi a rana, cikin makonni kaɗan katakan gefe suka tsuke, haske na ratsa tsakaninsu. Ɗaya daga katakan ƙasa kuma ya murɗe, alamar ba busasshe aka sayar musu ba tun farko. Aka sauya shi, aka sake like sauran, kuɗin bai yi yawa ba amma an ji shi. Tun daga nan in ba a aiki da jirgin sai a cika shi da ruwa a bar shi a nutse inda ruwan ya rage, ko a ɗora shi kan duwatsu ƙarƙashin rumfar zana, nesa da ƙasa saboda gara, ana yayyafa masa ruwa. Gora ma ba a jingine ta ba. A ƙarshen bazara, lokacin da tafkin ya rabu ƙananan gulabe cikin kacala, ita ce ke aiki.

Wani masunci daga ƙauyen da ke kusa ya zo ya ga jirgin, ya auna shi da igiya, amma a ƙarshe kwano ya sa aka yi masa. Ina ganin ya yi daidai. Tafkinsu yana ƙafewa gaba ɗaya tun Fabrairu, yana bin tafkuna biyu da amalanke, kuma garinsu yana kan hanya kusa da mai walda. Jirgin katako a wurinsa rabin shekara zai yi yana bushewa yana tsagewa.

A garin su maigida kuwa gidaje biyu sun nemi kafintan ya yi musu irinsa, kuma wannan ya tayar da maganar da ta fi ta jirgi girma. Da gora, tsakiyar tafkin lokacin cikar ruwa mafaka ce ga manyan kifaye masu ƙwai, don ba kowa ke kai raga can ba. Da jirgi uku ko huɗu wannan mafaka ta tafi. Sarkin ruwa ya tara masunta, jami'in gandun dajin da ke ba da takardar izinin su ya halarta, aka amince a ware ɓangaren tsakiya da ba za a sa kalli ba daga farkon damina har kaka, a kuma daina amfani da raga mai ƙananan ido, balle gidan sauro da wasu ke jan ƴaƴan kifi da shi. Maigida ya goyi bayan wannan duk da cewa jirginsa ne ya fi asara da dokar. An bar gida ɗaya ya yi jirgi a bana. Na biyun an ce ya dakata sai an ga yadda kamun rani mai zuwa zai kasance, da kuma ko za a sami zuba sabon irin kifi da suka nema daga ma'aikatar muhalli.